Yadda zaka shimfiɗa ƙaramin layin dogo a filinka har yara su hau

Ranar yawon sallar da ta wuce yaran unguwa sun fi ashirin da suka yi layi a bayan gidana suna jiran a ɗauke su a jirgin ƙasa, iyayen da suka biyo sawunsu kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, wai daga Sin na yo odarsa ko daga Dubai. Ba ko ɗaya. A nan Kaduna aka yi kusan komai, ƙarfen daga Panteka, katakon daga ƴan katako, tsakuwar kuma tipa ce ta kawo, mota mai juya taya da akwatin sarrafa gudu su kaɗai na saya sababbi a shago. Toh tunda tambayar tayi yawa bari in zauna in faɗi yadda ake yi, don wallahi abin nan ba ya fi ƙarfinmu ba ne, haƙuri kawai yake so.

Mahaifina Allah ya jiƙansa ma'aikacin reluwe ne, a bakinsa na fara jin labarin ɗan siririn layin da ya taɓa tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos har Bukuru, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal, aka rufe shi a 1957. Tun ina yaro abin ke min yawo a kai, ashe jirgi ba dole sai ƙato ba. Daga baya na gane Turawa sun daɗe da maida shi abin sha'awa, wani Bature Arthur Heywood tun 1874 ya shimfiɗa layi mai faɗin inci 15 a gidansa a Ingila, shi ma Walt Disney a 1950 ya zagaye gidansa na Los Anjalas da layi mai faɗin inci 7 da kwata yana ɗaukar baƙinsa a kai. Irin wannan na biyun nake magana.

Abu na farko da zaka yanke shi ne faɗin layin, wato tazarar dake tsakanin ƙarafan biyu daga ciki zuwa ciki. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano milimita 1067 ne, sabon da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja wanda aka buɗe a 2016 milimita 1435 ne. Na wasa da ake hawa kuma waɗanda suka fi yawa su ne inci 5, milimita 127 kenan, da inci 7 da kwata, milimita 184, a yawancin Amurka kuma 7 da rabi suke yi. Ni shawarata ka ɗauki 7 da kwata kar ka tsaya dogon tunani. Inci 5 a ƙasa yana da saurin kifewa, babba ya zauna ya ɗan karkata kaɗan shikenan tarago ya bi shi, shi yasa ma a can ƙasashen da yawa suke ɗaga shi a kan ginshiƙai. Mu kuma kasan halinmu, idan ka ce yara uku ne zasu hau sai ka waiwaya ka ga shida har da goyo.

Sai fili. Nan ne mutane ke karaya, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Jirgi ba ya shan kwana kamar keke, kwanarsa sai da faɗi. A wannan faɗin layin kana son daga tsakiyar da'irar zuwa kan layin ya kai mita 9 ko 10 in da hali, idan ka matsu ka sauko mita 7 amma sai kan jirgin ya zama gajere. Ka ga kenan fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba zai ɗauki cikakken zagaye ba, don faɗinsa mita 15 ne kawai ga katanga ga gini. Mai 100 da 100 zai ɗauka, musamman in gidan yana tsakiya layin ya zagaye shi. Wanda yake da gona ko fili a bayan gari irin su hanyar Mando ko hanyar Kachia shi kam ya huta. In kuma filinka ƙarami ne ba wani abu, ka yi miƙaƙƙen layi a jikin katanga mita 25 ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe, a je a dawo da baya, ni ma da haka na fara kuma yara basu taɓa ƙorafi ba.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna a ranka fiye da komai. Kowa kan jirgin yake fara tunani, fenti da fitila da oda, amma jirgin ƙasa ƙasar ce. In ƙasan tayi kyau ko akwatin katako ka ɗora wa taya zai tafi sumul, in bata yi ba ko miliyan nawa ka zuba a kan jirgin sauka zai dinga yi daga layi yana kunyata ka gaban baƙi. Don haka kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka jira a yi ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta ka fita da lema ka tsaya ka kalli inda ruwan ke bi a filinka da inda yake kwanciya. Ka kafa turaku kayi alama. Ruwan Kaduna ba ya wasa, ni shekarar farko ban yi haka ba, dare ɗaya ya kwashe min tsakuwar wajen mita huɗu ya bar ƙarfe yana lilo a sama, sai da na tono wurin na binne fayif mai inci 4 guda biyu a ƙarƙashi kamar ƙaramin kwalbati sannan na samu lafiya.

Bayan ruwa sai gangara. Ka nemo birkila da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da suke ɗaukar lebur da shi, ku bi hanyar layin duk mita biyu ku buga turke kuyi alama. Abin da ake so shi ne a mita 100 kar hawan ya wuce mita 1, in ya matsa ƙwarai to mita 1 a cikin 50, kar ka wuce nan. Dalili kuwa taya ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da riƙo kamar roba a kwalta. Wannan santsin shi ne daɗin jirgi, tarago ɗauke da mutum huɗu zaka tura shi da hannu ɗaya a miƙaƙƙen wuri, amma shi ne kuma matsalarsa, a hawa taya ta dinga juyawa a banza, a gangara birki ya ƙi kamawa musamman da safe in raɓa ta sauka. Nauyin kilo 400 a hawan 1 cikin 50 ƙarin jan kilo 8 yake nema, a baki kamar ba komai amma wannan ya kai ko ya fi abin da ake buƙata a ja shi a shimfiɗaɗɗen wuri gaba ɗaya.

In ka gama awo sai a haƙa hanyar, faɗin santimita 60 zurfin 15, a kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi tas, a zuba jar ƙasa marmara a yayyafa ruwa a daɓe ta sosai, tsakiya ya ɗan fi gefe tudu don ruwa ya zame. Wasu na shimfiɗa buhunan siminti ko leda mai huji don ciyawa, yana taimakawa. A kai sai tsakuwar dutsen da aka fasa a inji, ƙananan nan masu kamar santimita ɗaya, kaurin santimita 8 zuwa 10. Kar ka yarda a kawo maka tsakuwar rafi mai sulɓi ko da ta fi araha, ita mirginawa take yi, mai kaifin ce ke cije juna ta riƙe katako. Gefe da gefe ka jera bulo ko ka zuba ɗan siririn kankare don kar tsakuwar ta watse, kaji ma in kana da su sai sun tona.

Katakon da ake gittawa a ƙarƙashin ƙarfe, nan abokin gabarka gara ce. Farin katako mai taushi kar ma ka fara, damina ɗaya ta cinye shi. Ka nemi ƙirya in zaka samu, ita ce ake turmi da ita don taurinta kuma gara ba ta cika son ta ba, in babu sai maɗaci ko ƙawo. A yanka maka inci 2 da 2, tsawon santimita 38 ko 40, ka jiƙa su cikin baƙin mai da maganin gara a rabin duro su kwana biyu ko uku sannan ka shanya, ka sa safar hannu kuma kar yara su zo wurin. Duk santimita 25 guda ɗaya. In zagayenka mita 8 ne daga tsakiya, tsawon layin zai kama mita 50, katako 200 kenan, ƙarfe kuma mita 100 tunda biyu ne, sanda 17 ko 18 masu mita shida shida. Kayi wannan lissafin tun kafin ka shiga kasuwa.

Su Turawa suna sayen ƙarfen dogo na alminiyam da aka yi musamman da siffar na gaske, mu a nan ba sai mun wahalar da kanmu da oda ba. Ka shiga wajen masu sayar da ƙarfe ka ce a baka filat ba, wato doguwar sandar ƙarfe mai fale-fale, mai milimita 25 da 10, ko 30 da 12 in aljihu zai ɗauka, ka tsayar da shi a kan gefensa, shi ne dogonka. Ka tafi da abin awo ka auna da kanka don wani lokacin abin da aka faɗa da abin da ke ƙasa ba ɗaya ba ne, kuma ka tabbata duka kauri ɗaya ne. Hanya biyu ake kafa shi. Ko kafinta ya tsaga rami a jikin kowane katako daidai kaurin ƙarfen a buga shi ciki da guduma, ko kuma mai walda ya like dogon biyu a kan ƴan guntayen filat ba, su kuma a ɗaure su a katako da sukuru. Ni ta biyun na bi don masu walda sun fi yawa a garin nan kuma katakonmu yana tsagewa in hunturu ya busar da shi ramin ya saki. Abu biyu zaka tsaya a kai, waldar ta kasance ta waje kawai don leɓen taya, wato bakin da ke hana ta sauka daga dogo, ta ciki yake bi, sannan a bi kusurwar sama ta ciki da garanda a ɗan kashe kaifinta in ba haka ba zata dinga cin taya kamar wuƙa.

Kafin a fara walda ka sa a yi maka ma'auni, guntun ƙarfe ne mai tsagi biyu da zai riƙe dogon a daidai milimita 184, guda uku ko huɗu. Kar ka bari a yi da ido ko da tef. Na sha fama da wannan, yaron da ya fara min aikin gwani ne a ƙofa da taga amma a wurinsa milimita uku ba komai ba ce, sai da na ce masa, ƙanena a ƙofa milimita uku fenti zai rufe ta, a nan kuwa ita ce zata zubar da yara a ƙasa, daga nan ya gane kuma har yau shi ke min aiki. A kwana sai ka ƙara faɗin da milimita 2 ko 3 don taya ta samu sakewa, dogon waje kuma ya ɗan fi na ciki tudu da kamar milimita 3.

Lanƙwasa filat ba a irin wannan babbar kwanar ba wuya, tsakiyarsa da hannu ma zai bi, bakin sandar ne ke ƙin lanƙwasuwa sai ka ga kwana tayi gwiwa a mahaɗa. Ka kai wajen masu injin naɗe ƙarfe su bi maka shi tun daga baki har baki, kuma kar mahaɗar dogon hagu da ta dama su faɗo wuri ɗaya, ka goce su da kamar rabin mita. A mahaɗa kar kayi walda, ka haɗa da ƴan faranti biyu da bol da noti, hujin ya zama mai ɗan tsawo, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, sandar mita shida tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Maris da ta daki ƙarfe zata iya ƙara fiye da milimita biyu, in ba inda zata je sai layin ya karkace kamar maciji.

In an ɗora layi a kan tsakuwa sai ka bi shi katako bayan katako da lebur kana cusa tsakuwa a ƙarƙashi da guntun sanda. Wannan aikin yana cin rai, baya kuma sai yayi ciwo, amma shi ne aikin. Abin da ke sauke jirgi ba yawanci kwana ba ce, murɗewa ce, wato nan dogon hagu ya fi tudu, taku biyu gaba na dama ya fi, sai taya ɗaya ta tashi sama leɓenta ya haye.

Toh yanzu mu zo kan taya. Ita kam sai wajen masu injin lat, wato injin da ke juya ƙarfe yana sassaƙa shi, akwai su a Panteka da Kakuri, kuma ka je da zane a takarda kar ka tsaya bayani da baki. Faɗin da'irar tayar milimita 150 ya isa, da ƙarfe mai kyau, leɓen ciki ya sauko kamar milimita 5, inda take taka dogo kuma kar ya zama a miƙe, a ɗan zaftare shi da digiri 2 ko 3 ta yadda wajen leɓe ya fi kauri. Wannan zaftarewar ita ke sa jirgi ya dinga komawa tsakiyar layi da kansa, a kwana kuma tayar waje ta hau wurin kauri ta ci tafiya fiye da ta ciki. Dattijon da ya yi min nawa da ya ga zanen cewa yayi, Malam wannan ai irin ta jirgin gaske ce aka rage, na ce ƙwarai kuwa Baba. Tayoyin biyu a kafe suke a kan shaf ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke ratsa su, mai kaurin milimita 25 suna juyawa tare, tsakanin bayan wannan da bayan waccan wajen milimita 172, duka kuma su zama ɗaya. Boris, wanda shaf ke juyawa a cikinsa, ka sayi mai gida irin na injin niƙa, lamba 205, yana ko'ina a kasuwa. Kar ka ɗaure boris ɗin kai tsaye a jikin firam, ka sa sifirin a tsakani don taya ta dinga bin ƙasa, sifirin bawul na tsohon injin mota yana yi sosai kuma wajen ƴan gwangwan kusan kyauta ne.

Kafin kan jirgi ka fara yin tarago ɗaya. Da shi zaka gwada layi, da shi zaka dinga jigilar tsakuwa ma. Irin wanda ake zama a wara ƙafa kamar kan babur shi ya fi, benci a tsakiya da bai wuce santimita 30 ko 35 daga kan dogo ba, matakin ƙafa a ƙasa gefe da gefe, da faranti da zai tare ƙafa kar ta shiga wajen taya. Iya ƙasa iya zaman lafiya. In dogo ne ka sa masa ƙananan kekuna biyu masu taya huɗu huɗu gaba da baya, kowanne yana juyawa a kan bol ɗaya, shi ke sa ya sha kwana ba gardama.

Kan jirgin ni na lantarki nake ba kowa shawara. Mai tururi da gawayi yana da kyau ba ƙarya, amma tukunya ce mai matsin tururi a tsakanin ƙafafunka, a ƙasashen da ake yi sai an gwada ta an bada takarda kafin a ɗauki mutane, ba aikin mai farawa ba ne. Na fetur kuma ƙara da hayaƙi, maƙwabta zasu gaji da kai. Ka samu mota mai bolt 24 wat 500 irin ta keken lantarki, batir biyu masu bolt 12 a haɗa su a jere, tunda sola ta shigo gari batir da caja ba wahalar samu, da akwatin sarrafa gudu mai gaba da baya. Lissafin giya kuma ga shi, tayar milimita 150 duk juyi ɗaya santimita 47 take ci, gudun kilomita 8 a awa ya ishe ka, wato juyi 280 da ɗoriya a minti, motar kuma tana yin wajen 2800, kaga sai ka rage sau goma. Da cen da siroket na babur zaka yi, hawa biyu, ka kuma haɗa shaf na gaba da na baya da cen don tayoyi huɗun duka su ja. Tsakanin shaf biyun kar ya wuce santimita 50. Batiran a cikin kan jirgin zasu zauna daidai saman taya, nauyinsu shi ke hana ta sulɓewa. Jikin kuma falanki, kayi masa siffar da ranka ke so, nawa kore da fari na shafa masa irin na jiragenmu.

Maganar tsaro ba zan sassauta ba don ƴaƴan mutane zaka ɗauka. Fis ko bireka a kusa da batir dole ne. Cen a rufe shi ruf, yatsan yaro da bakin hijabi ko gyale ba su da wuyar shiga, kuma kafin a tashi ka duba kowa ya tattare kayansa. Birki na hannu a taragon direba wanda zai matse taya da katako ko roba, kar ka dogara da mota kaɗai. Abin ba da wuta ya zama irin wanda in ka saki yake komawa sifili da kansa. Tsakanin tarago da tarago sandar ƙarfe da fin, da ƴar sarƙa ta ko-ta-kwana. Ƙarshen layi in miƙaƙƙe ne ka kafa katako mai ƙarfi da tsohuwar taya a jiki. Makulli kuma a aljihunka yake kwana, yarana sun san in ba Abba ko yayansu babba a wurin ba a tayar da jirgi, kuma ba a sauka sai ya tsaya cak.

Ranar gwaji kar ka ɗora kowa. Ka cika buhuna da yashi kamar nauyin manya huɗu, ka zagaya a hankali sau ashirin gaba da baya kana sauraro, duk inda ka ji ƙas ko ka ga tarago ya girgiza ka tsaya ka sa alli, ka dawo da lebur da ma'auninka ka gyara. Bayan sati biyu ka sake bi don tsakuwa zata zauna, bayan ruwan farko na damina ma haka. Tsatsa kar ta dame ka, saman dogo taya ce ke goge shi, gefen kawai zaka shafa wa jan fenti, kuma mai ko giris kar ya taɓa saman. Da hunturu ka dinga share ƙura da ganye kafin a hau, batir kuma a ɗauke shi daga rana.

Wurin canza layi, wanda zai baka damar shiga da jirgi rumfarsa ko ka yi ƴar tasha, ka bar shi sai layinka ya shekara yana aiki don shi ne mafi wuyar haɗawa a duk harkar. Ni sai bana na fara nawa, na riga na zana shi da alli a kan simintin tsakar gida, ina jiran ruwa ya ɗauke a watan Oktoba mu kai ƙarfen wajen walda.